Na Je Daura Sallar Gani, Na Tarar Da Maganar Jirgin Sama

Makon jiya ba ku ji daga gare ni ba, to, ga dalili. Goggona da ke aure a Daura ta aiko mini har sau uku, wai lalle in zo Sallar Gani, akwai magana. Kowace ta san in goggo ta ce akwai magana, to, ba ta waya ba ce. Sai na ɗaure ɗan ƙunshina, na sayi goro da sabulu na tsaraba, ranar Laraba da hantsi na shiga mota a Katsina.

Tsakanin Katsina da Daura kimanin kilomita 80 ne, ana bi ta Mashi. Damina ta yi kyau, gero ya yi kai, dama da hagu sai kore shar. Direbanmu mai surutu ne, tun daga tasha yake ba mu labarin hanyar jirgin ƙasa da aka soma aikinta a 2021, wadda aka tsara ta taso daga Kano ta bi ta Kazaure da Daura da Mashi da Katsina da Jibiya har Maraɗi. Ya ce ranar da jirgin nan ya soma gudu su direbobi sun shiga uku. Wata tsohuwa a bayana ta ce masa ya kwantar da ransa, haka aka ce wa masu jakai da mota ta zo, ga shi har yau jaki bai rasa kaya ba.

Mun iso Daura da azahar, garin ya cika da baƙi. Daga Zango da Baure da Sandamu da Mai'aduwa mutane sai kwararowa suke, har da na ƙetaren iyaka, mutanen Nijar, gama su da mutanen Daura dangi ne. Ko'ina ka duba ana wankin doki, ana gyaran sirdi. Goggo ta tare ni a ƙofar ɗaki, ta kawo fura mai sanyi, ba ta ce mini kome ba sai bayan sallar isha'i, da yara suka kwanta.

Maganar ita ce ta autarta, yarinya 'yar shekara 16, tana aji biyar na sakandare. Wani mai shago, mutumin kirki mai zuwa kasuwar Mai'aduwa, ya aiko manyansa neman aurenta. Ita kuwa yarinyar ta ce ba ta ƙi shi ba, amma tana so a bar ta tukuna, wai ita sojan sama za ta shiga, ta tuƙa jirgi. Goggo ta ce mini, "'Yar nan, ke ce kika yi makarantar horon malamai, ke take jin maganarki. Ki cire mata wannan shirme daga kai. Ina aka taɓa ganin ɗiya mace a sama kamar shirwa?"

Na ce, "Goggo, bari gari ya waye in ji ta bakinta."

Da safe na ce wa yarinyar ta raka ni rijiyar Kusugu, gama rabona da ita tun ina firamare. Kun dai san labarin: yadda macijin rijiyar ya hana mutanen gari ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, har baƙo Bayajida ya zo da dare ya kashe shi, ya auri Sarauniya Daurama. Yanzu an gina ɗaki an rufe rijiyar a ciki, baƙi suna zuwa suna leƙawa suna shan ruwan. Muka sha, muka fito, muka zauna a inuwa. Abin da na lura, yarinyar ba ta damu da macijin ba. Ita abin da ta riƙe a labarin shi ne, a zamanin nan mace ce ke riƙe da garin.

Na tambaye ta inda ta samo wannan buri. Ta ce, "Yaya, ai a gaban idona na tashi ina ganinsu." Gaskiya ta faɗa. Daga 2015 zuwa 2023, lokacin da marigayi Muhammadu Buhari ke shugabancin ƙasa, in zai zo gida hutun Salla jirgi yakan sauke shi a Katsina, sa'an nan jirgi mai saukar ungulu ya kawo shi Daura. Yaran garin suka san ƙarar jirgin nan kamar yadda mu muka san kukan babur. A watan Agusta na 2019 kuma aka buɗe babban asibitin rundunar sojan sama a Daura, inda ake duba sojoji da mutanen gari baki ɗaya. Can ta raka wata maƙwabciyarsu, ta ga mata da kakin sojan sama suna aiki, ana girmama su. Cikin Oktoba na shekarar nan sai ta ji a rediyo an liƙa wa waɗansu mata biyu alamar fiffike a ƙirji. Tun ranar abin ya shiga ranta.

To, 'yan'uwa, bari in ba ku tarihin abin a taƙaice, don ku san yarinyar nan ba mafarki take ba. Jiragen sama na farko da suka zo ƙasarmu sun iso Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan Ingila da suka taso daga Masar. A 1964 aka kafa rundunar sojan sama ta Nijeriya da taimakon Jamusawa, shugabanta na farko ma Bajamushe ne, Kanar Gerhard Kahtz. A shekarar nan kuma aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, ta farar hula. Amma sai da rundunar ta shekara 47 kafin ta sami mace matuƙiya, watau Blessing Liman, mutuniyar Zangon Kataf ta Jihar Kaduna, wadda ta zama hafsa a ƙarshen 2011. A 2011 ɗin ne kuma makarantar horon hafsoshi ta Kaduna, wadda ake kira NDA, ta fara ɗaukar 'yan mata su yi horo iri ɗaya da na maza. Matan nan biyu da yarinyarmu ta ji a rediyo su ne Kafayat Sanni, mace ta farko da ta tuƙa jirgin yaƙi, wadda ta yi horo a Amurka, da Tolulope Arotile, ta farko a jirgin yaƙi mai saukar ungulu, wadda ta yi nata a Afirka ta Kudu. Rana ɗaya aka yi musu bikin, 15 ga Oktoba 2019.

Ita Arotile a Kaduna aka haife ta, a makarantun sojan sama na Kaduna ta yi firamare da sakandare. Ta shiga NDA a 2012, ta karanta lissafi, ta fito hafsa a 2017. Ku ƙirga da kanku: shekara bakwai daga shiga zuwa fiffike. Ta yi aikin yaƙi da 'yan bindiga a Jihar Neja. Ranar 14 ga Yuli 2020 ta rasu tana da shekara 24, ba kuwa a sama ba, mota ce ta buge ta a cikin barikin Kaduna. Na gaya wa yarinyar wannan ma, gama ban ga amfanin a nuna wa yaro rabin hoto ba.

Hanyar ba gajeriya ba ce, ba kuma mai sauƙi ba. Mai son shiga NDA sai ta ci darussa biyar da kyau a jarrabawar ƙarshen sakandare, cikinsu har da Turanci da lissafi, mai son tuƙi kuwa ba ta da mafita sai ta riƙe fiziks. Sai ta ci jarrabawar JAMB, ta ci ta makarantar, sa'an nan a kira ta gaban kwamitin zaɓe. Can za a gwada tsawonta da nauyinta, a sa ta gudu, likitoci su duba ta tun daga haƙori har tafin ƙafa. Ido shi ne babba. Wanda ba ya bambanta ja da kore ba ya tuƙa jirgi, gama fitilun jirgi da na filin sauka da launi suke magana. Ana kuma raba guraben ne jiha jiha, masu nema da yawa, waɗanda ake ɗauka kaɗan. Sa'an nan ga sharaɗin da ya shafi gidan goggo kai tsaye: ba a ɗaukar mai aure, namiji ko mace, kuma akwai iyakar shekaru. Wadda ta yi aure a shekara 17, wannan ƙofa ta rufe mata ke nan.

Bayan NDA ma ba a miƙa wa mutum jirgin yaƙi. A makarantar tuƙi ta Kaduna ake farawa, da ƙananan jirage masu farfela, irin su Super Mushshak da aka sayo daga Pakistan. Malami yana gefe, ɗalibi yana koyon tashi da sauka, har ranar da malamin zai fita ya rufe ƙofa ya ce tafi kai kaɗai. Wanda ya haye nan, in jirgin yaƙi aka zaɓa masa, sai Kano, inda ake koyo da jirgin L-39. In mai saukar ungulu ne, sai Inugu, ko a tura shi ƙasar waje. A jirgin yaƙi, in aka yi juyi da sauri, jini yakan gudu daga kai ya taru a ƙafafu, ido ya rufe, mutum ya suma. Don haka suke sa wani irin wando mai cika da iska ya matse cinya da ciki, suna kuma koyon wani irin numfashi. Kowane mataki ana gwaji, wanda ya kasa a mayar da shi wani aikin.

Da muka koma gida na ce bari in gwada ta da kaina, tun da aikina ke nan. Na ce jirgi yana gudun kilomita 240 a sa'a, daga Katsina zuwa Daura kilomita 80, minti nawa? Kafin in rufe baki ta ce 20. Na ce to, iska ta taso daga gaba tana gudun kilomita 40 a sa'a. Ta ɗan yi zane a ƙasa da tsinke, ta ce gudun ya koma 200, minti 24 ke nan. Na ɗauko kwandon zaren hular goggo na hautsina shi, na ce ta ware ja da kore da ruwan ƙasa, ta ware tsaf. (Wannan ciwon na rashin bambanta launi ya fi kama maza, da wuya a same shi ga mace.) Amma da na buɗe littafinta na fiziks, sai na tarar rubutu ya tsaya tun tsakiyar zangon da ya wuce. Na ce ina saura? Ta ce malamin ya bar makarantar, ba a kawo wani ba. Ran nan raina ya ɓaci ƙwarai, gama na san ba ita kaɗai ba ce. Yarinya tana da kai, tana da ido, amma darasi guda zai tare mata hanya, ba da laifinta ba.

Ranar hawan Gani muka fita kallo. Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, ya fito cikin hakimansa, ga 'yan lifidi, ga algaita da kakaki, ƙura ta tashi har ba ka ganin na kusa da kai. Muna tsaye sai ga wani ɗan abu kamar babban zanzaro yana shawagi bisa kawunan jama'a. Wani saurayi mai ɗaukar hoto ne ke juya shi da 'yar na'ura a hannu. Goggo ta ja mayafi ta rufe kai, ta yi salati. Da dare ta faɗa mini abin da ke ranta na gaskiya, ashe ba maganar aure kaɗai ba ce. Ta ce, "Irin abin nan ne fa ya kashe masu Mauludi. Ni ba na so a wayi gari hannun ɗiyata da jinin bayin Allah."

Tudun Biri take nufi, ƙauyen nan na ƙaramar hukumar Igabi a Jihar Kaduna. Daren 3 ga Disamba 2023 mutanen ƙauyen suna taron Mauludi, jirgi maras matuƙi ya sako musu bam. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne mutum 85, da yawansu mata da yara. Jirgin na sojan ƙasa ne, ba na sojan sama ba, kuma sun amsa cewa kuskure ne, sun zaci taron 'yan bindiga ne. Na gaya wa goggo haka, amma na san bambancin kaki ba ya rage wa uwa tsoro.

Sunan da muke kiransa da shi, jirgi maras matuƙi, shi ke ruɗin mutane. Yana da matuƙi, sai dai matuƙin yana ƙasa. Yana zaune ne cikin wani ɗaki mai sanyi kamar akwatin babbar mota, gabansa alluna irin na talabijin, hannunsa a kan sanda. Kusa da shi akwai na biyu, mai juya idon jirgin, watau kyamarar da ke gani da rana, da dare kuma tana ganin ɗumin jikin mutum da na dabba. Bayansu akwai masu nazarin hoton, da babban hafsan da ke ba da izini, a waje kuma ga makanikai da masu kula da rediyo. In jirgin yana kusa, da rediyo ake juya shi. In ya yi nisa, sai ta tauraron ɗan'adam. Manyan irinsu suna wuce sa'a 20 a sama ba su sauko ba, mutum kuwa ba ya iya wannan, don haka ake karɓa-karɓa kamar ma'aikatan jinya. Jirgi guda ke nan yana cin mutane da yawa.

Amurka, da ta fi kowa amfani da su, ta sha wuyar wannan. Matuƙanta suna zaune a hamadar Nebada suna juya jirage a wata nahiya, su tashi aiki su koma gida su ci tuwo da iyalinsu. Wajen 2015 gajiya ta sa da yawa suna barin aikin, har a ƙarshen shekarar rundunarsu ta yarda waɗanda ba hafsoshi ba su ma su tuƙa irin jirgin da ke leƙen asiri kawai. Nan kusa da mu ma, a Agadas ta ƙasar Nijar, sun gina sansanin irin jiragen nan, suka soma tashi daga can a 2019, har gwamnatin soja ta Nijar ta sallame su suka fita a 2024.

Mu ma muna da namu. Ban da waɗanda aka sayo daga Sin, injiniyoyin sojan sama sun ƙera guda a Kaduna aka nuna shi a Disamba 2013, aka sa masa suna Gulma. Ranar 15 ga Fabrairu 2018 aka ƙaddamar da wani, wanda aka yi da haɗin gwiwar wani kamfanin Fotugal, sunansa Tsaigumi. Rundunar ta ce yana iya wuce sa'a 10 a sama, ya yi nisan kilomita 100 daga inda ake juya shi, watau daga Katsina ya leƙo Daura ya koma. Aikinsa ya gano ya kawo labari ne. Da na faɗa wa goggo sunayen nan sai da ta yi dariya, ta ce ashe abin da ake zagin mata da shi ne gwamnati ta sa wa fiffike take biyansa albashi.

Ga abin da ni na gani, na kuwa faɗa mata. Daga sama mutum ɗigo ne. Taron Mauludi da dare, da taron biki, da masu dawowa daga kasuwa bisa babura, da 'yan bindiga, duk ɗigo ne masu motsi. Na'ura ba ta san watan Mauludi ba. Ba ta san in ka ga ƙananan ɗigo suna guje-guje a gefen taro yara ne ba, ko in ka ga wuta uku a jere da mutane durƙushe mata ne ke tuƙa tuwon sadaka. Wanda ya tashi a cikin abin shi ya san wannan. In har jiragen nan za su ci gaba da yawo bisa garuruwanmu, ga kuwa halin da yammacin jiharmu ke ciki da 'yan bindiga, ni na fi so a ce cikin ɗakin nan mai sanyi akwai wadda ta taɓa zama a taron Mauludi, ta san kamanninsa, kuma tana da muƙamin da in ta ce a dakata za a dakata. Ban ce wa goggo ɗiyarta ba za ta taɓa kuskure ba. Ban kuma ce za a ɗauke ta ba, gama waɗanda ake mayarwa gida sun fi waɗanda ake ɗauka yawa nesa ba kusa ba. Abin da na ce shi ne, fiziks ɗin da za ta karanta don jirgi ba zai ɓata ba. Da shi ake shiga makarantar fasaha ta sojan sama da ke Kaduna a zama injiniya, da shi ake shiga ta Zariya a koyi ba jirage hanya daga hasumiya, ga kuma jami'ar sufuri ta tarayya a nan Daura, a ƙofar gidansu.

Goggo ta yi shiru, ta ce ita dai ba ta gamsu ba, amma magana ta maigida ce. Kashegari bayan sallar asuba na durƙusa na gai da shi, na faɗa masa duk abin da na faɗa muku. Ya saurara yana jan carbi, bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Malama, na ji. Ban ce ta shiga soja ba, ban kuma ce kada ta shiga ba. Ta gama makarantar tukuna, ta yi jarrabawar, mu ga abin da Allah zai yi." Ya aika wa manyan mai shago cewa a ba shi shekara guda da 'yan watanni. Har na baro garin ba su aiko da amsa ba, goggo kuwa tana ganin ba za su jira ba, don haka sallamar da ta yi mini ba ta kai tarbar da ta yi mini daɗi ba.

Ranar Lahadi na shiga motar Katsina. Ana ɗaura kaya sai ga yarinyar a guje, ta miƙo mini wata takarda ta taga. Na buɗe bayan mun fita gari, sai na ga jerin babobin fiziks ne guda tara da ba a koya musu ba, ta kwafo su daga littafin wata ƙawarta ta wata makaranta. A ƙasa ta rubuta cewa in aiko mata da littafin ta hannun direban nan, amma kada ya wuce ranar da za a koma makaranta.